SciPy wajen zana taswira daga ɗigogin da ka auna: yana aiki, kyauta ne, amma baya faɗa maka inda yake ƙarya

Jama'a assalamu alaikum. Wannan na masu furojet ne da masu aikin safiyon ruwa da duk wanda yake da lambobi da ya auna a wurare warwatse, zurfin ruwan bohol ko rezistibiti (awon yadda ƙasa take tare wutar lantarki) ko yawan ruwan sama ko tsayin ƙasa, yanzu kuma yana so ya cike gurbin da ke tsakani ya samu taswira cikakkiya. Yawancin mutanenmu Surfer suka sani, kuma ba laifi manhaja ce mai kyau, sai dai ta kuɗi ce kuma Windows kaɗai take hawa, shi yasa na koma kan ɓangaren interpolate, wato cike gurbi, na SciPy, tarin kayan lissafi na yaren kwamfuta Python, ga kuma yadda na same shi, mai daɗin da mara daɗin.

Tun farko dai in faɗi matsayata kada in ja ku da nisa, in da tauraro biyar ake bayarwa to huɗu zan ba shi. Ɗayan dana riƙe ba don yana kuskuren lissafi bane, lissafinsa tsaf yake, na riƙe ne saboda zai miƙo maka taswira mai sheƙi da kaloli ba tare da ya nuna maka ko da alama ɗaya ba cewa wancan lungun kintace ne kawai, ba rijiya ko ɗaya a kusa da shi.

SciPy ɗin kansa tsohon hannu ne, tun 2001 Travis Oliphant da Eric Jones da Pearu Peterson suka haɗa shi, amma sai 2017 ya kai siga ta 1.0. Lasisinsa BSD ne, ma'ana ko aikin kwangila zakayi da shi a biya ka babu mai zuwa ya ce ka ba shi kaso.

Abun da kowa ke fara cin karo da shi shine griddata. Ka ba shi kodinet ɗin wuraren da ka auna, ka ba shi abun da ka samu a kowane wuri, ka ba shi girid ɗin da kake so ya cike, wato ɗigogi jere layi-layi da suka rufe taswirar, layi ɗaya tak ya gama. Hanyoyi uku gare shi, nearest da linear da cubic, in baka zaɓa ba linear zai ɗauka. Shi nearest ba wani lissafi a ciki, duk inda ka tambaya sai ya dubi ɗigon da ya fi kusa ya kwafo lambarsa, taswirar sai ta fito faci-faci da gefuna masu kaifi, bana amfani da shi sai in abun da nake zanawa ba lamba bane irin nau'in ƙasa ko nau'in dutse, don ba yadda za ai ka ce rabin wannan wurin yumɓu ne rabi kuma laterite ka raba biyu. Linear kuwa shine dokin aikina. Yana haɗa ɗigoginka uku-uku ya yi alwatika da su, tsarin da ake kira Delaunay da sunan Boris Delaunay ɗan Rasha da ya fito da shi a 1934, kuma ba SciPy ne da kansa yake yanka alwatikan ba, wata tsohuwar manhaja ce Qhull take masa a ƙarƙashin ƙasa, shi yasa in abu ya lalace zakaga saƙon kuskuren yana farawa da QH kana mamakin daga ina wannan kuma. A cikin kowace alwatika sai ya shimfiɗa fili miƙaƙƙe tsakanin kusurwa ukun. A ce bohol uku, ɗaya an samu ruwa a mita 18 ɗaya 24 ɗaya 30, to tsakiyarsu cif zai ba ka 24, in ka matsa kusa da na 18 lambar ta sauka, kuma duk inda ka tsaya a cikin alwatikan nan bazai taɓa ba ka ƙasa da 18 ko sama da 30 ba. Wannan halin nasa shi nake so, baya ƙirƙiro abun da baka auna ba. Muninsa dai a ido ne, kwanto ɗin, wato layukan da ke haɗa wuraren da lambarsu ɗaya ce, suna fitowa da karye-karye da kusurwa, sufabaiza ya kalla ya yamutse fuska ya ce wannan ai bata yi kama da taswira ba.

Daga nan ne ɗalibi yake komawa ya rubuta cubic, taswira ta yi sumul kowa ya ji daɗi. Hanyar Clough da Tocher ce, injiniyoyi ne da suka fito da ita a 1965 don lissafin lanƙwasar faranti a gine-gine, tana raba kowace alwatika gida uku ta lanƙwasa su yadda ba karyewa a mahaɗa. Tana da kyau wallahi, amma tana wuce gona da iri. In kana da ɗigo biyu kusa da juna ɗaya lambarsa babba ɗaya ƙarama, lanƙwasar sai ta yi tsalle ta zarce duka biyun, sai kaga ruwan sama ƙasa da sifili, ko zurfin ruwa ya koma sama da doron ƙasa, kuma ba wani jan rubutu da zai fito ya gargaɗe ka. Don haka duk sanda kayi cubic ka duba lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma a sakamakon ka gwada da na ainihin bayananka kafin ka yi firintin. Masu rezistibiti kuma, tunda lambobinku suna iya tashi daga goma-goma zuwa dubbai a fili ɗaya, ku ɗauki log ɗinsu tukuna ku cike gurbin sannan ku dawo da su, in ba haka ba ɗigo ɗaya mai dubu biyar zai rinjayi rabin taswirar. Kuma a sani cubic ɗin nan a fuska ɗaya ko biyu kaɗai yake aiki, in ka ƙara zurfi ya zama x da y da z to babu shi, linear ko nearest ne suka rage maka a griddata.

Yanzu ga abun da mutane suka fi zagin griddata a kai, ni kuma shine abun da na fi yaba masa. Kana zana taswirar sai kaga gefe-gefenta fari fat, kusurwoyin duk babu komai, in ka leƙa lambobin NaN ne jere, wato alamar babu lamba a wurin. Ba lalacewa yayi ba. Ka ɗauka ɗigoginka turaku ne aka kafa a fili sai aka ɗauko igiya aka zagaye na can waje aka ja ta yi tauri, to duk abun da ke cikin igiyar zai lissafa maka, na bayanta kuwa ya ce babu ruwansa. Kuma gaskiyarsa ce, me ya sani game da wurin da ba kowa ta ɗaya gefensa? Dabarar da ke yawo ita ce wai ka sake gudu da nearest ka toshe ramukan da ita, ko ka sa fill_value, lambar da ake cike ramukan da ita, ya zama sifili, wannan na biyun ma ya fi muni don sifili a taswirar zurfin ruwa yana nufin ruwa na kwance a saman ƙasa kenan. Ni dai ina barin farin a yadda yake. In mai aikin ya matsa lallai sai an cike har iyakar ƙaramar hukuma, to ya biya a je a auna can ɗin.

Sai dai igiyar ma ba kariya ce cikakkiya ba. Irin safiyon da muke yi a bin titi, ɗigogi jere a kan hanya ɗaya sai wasu jere a wata hanyar kilomita goma can gefe, duk dajin da ke tsakani yana cikin igiya, zai cike shi tas da dogayen alwatika sirara, kuma kalar wurin bata da bambanci da ta inda ka auna ɗigo goma a cunkushe. In kuma duk ɗigogin a kan miƙaƙƙen layi ɗaya suke to Qhull ma bazai fara ba, zai wurgo maka QH6154 ya ce abun a baje yake ba alwatikan da zai iya haɗawa. Saƙon dogo ne mai ban tsoro ga sabon shiga, alhali magana ɗaya yake yi, ɗigoginka basu da faɗi.

Wanda na fi amfani da shi in ana son sumul ɗin gaske shine RBFInterpolator, ya shigo a siga 1.7 shekarar 2021 ya gaji tsohon Rbf wanda har yanzu yana nan amma masu SciPy da kansu sun ce kada a fara sabon aiki da shi. Dabarar daban take da ta alwatika, kowane ɗigo ana ɗora masa wani lanƙwasasshen tasiri da ya dogara da nisa kawai, sai a warware lissafi a nemo nauyin kowanne yadda jimlarsu zata ratsa ta kan duk lambobinka. Asalinta ma daga masu taswira ta fito, Rolland Hardy ne ya kawo irin multiquadric a 1971 don zana tudu da kwari daga ɗigogi warwatse. In baka zaɓi komai ba thin_plate_spline zai sa maka, lissafin yadda siririn fallen ƙarfe yake lanƙwasa in an danne shi a wasu wurare, kuma alherinsa baya neman ka saita epsilon, lambar da ke tsara faɗin tasirin kowane ɗigo, saɓanin gaussian da multiquadric da sai ka ba su, kuma in ka ba su wanda bai dace da tazarar ɗigoginka ba zakaga taswira ta cika da ƙuraje, kowane bohol da ɗan da'irarsa. Abun da ya saye ni a nan shine smoothing. Awon fili ai ba wahayi bane, mai riƙe da tef ya gaji, GPS ɗin waya ya kauce da mita biyar, an auna wannan rijiyar da rani waccan bayan damina, to me yasa za a tilasta wa taswira sai ta bi ta kan kowace lamba daidai wa daida? Ka ɗan ɗaga smoothing daga sifili sai ta bi yanayin gaba ɗaya ta rabu da ƙananan hayaniyar. Kuma yana aiki a fuska uku, huɗu, ko fiye.

Matsalarsa biyu ne kuma manya. Ta farko cin RAM. Yana gina tebur na kowane ɗigo da kowane ɗigo, ɗigo 10,000 kenan gida miliyan 100, kowane gida bait 8, mega 800 kenan tun ba a fara warwarewa ba, in ka kai 50,000 kuwa giga 20 ake magana, laftof mai giga 4 ko 8 sai dai ta sandare fanka na ihu. Maganin suna da shi, ka sa neighbors kamar 50 ko 100 sai ya riƙa duba maƙwabta na kusa kaɗai, amma sai ka karanta takardun bayanin zaka san da shi, shi bazai tsaya ya ce maka kai malam wannan ya fi ƙarfin injinka ba. Ta biyu, shi babu ruwansa da igiya, ko ina ka tambaye shi zai amsa, ka tambaye shi kilomita ɗari bayan ɗigonka na ƙarshe zai ba ka lamba da cikakken ƙarfin hali, kuma thin plate in ya fita waje tashi yake yi ko ya nutse ba birki. Abun da nake yi shine in haɗa Delaunay daban in yi amfani da find_simplex, duk inda ya dawo da -1, wato wurin yana bayan igiya, in goge wurin. Layi uku ne, amma da sun sa shi a matsayin zaɓi da sun ceci mutane da yawa. Sannan in kana da bohol biyu da aka rubuta musu kodinet iri ɗaya sak, abun da ke faruwa kullum in an kwafo daga tsohon rejista, zai tsaya ya ce maka singular matrix, sai ka koma ka tace.

Maganar kodinet kuma dan Allah a kula. Duk hanyoyin nan nisa suke aunawa da lambobin da ka ba su yadda suke, basu san digiri ba basu san mita ba. A yankinmu latitu da longitu basu cika cutarwa ba, don a wajen Kano digiri ɗaya na latitu kusan kilomita 111 ne na longitu kuma kusan 109, bambancin kaɗan ne, amma duk da haka gara ka juya zuwa UTM, tsarin kodinet da ake aunawa da mita, Kano tana zon 32, Sakkwato 31, Maiduguri 33, kada ka gauraya zon biyu a fayil ɗaya, kuma kada ka gauraya kodinet na tsohuwar taswira mai ma'aunin Minna da na waya mai WGS84 ba tare da ka juya ɗaya ba. Inda abun yake cizo sosai shine in fuskokin ba jinsi ɗaya bane, misali x da y a mita dubbai ɗaruruwa, na ukun kuma zurfi daga 0 zuwa 80 ko wata daga 1 zuwa 12, to a idonsa na ukun nan kamar babu shi. griddata yana da rescale=True da ke gyara wannan, RBFInterpolator kuwa bashi da shi, da hannunka zaka daidaita.

In bayananka dama a jere suke kan girid, irin ruwan sama na CHIRPS mai tazarar digiri 0.05 da ya faro daga 1981, ko bayanan yanayi na ERA5 mai 0.25, ko tsayin ƙasa na SRTM, kada ka wahalar da kanka da griddata, zai zauna yana yanka alwatika miliyoyi a banza. RegularGridInterpolator shine nasu, ko interpn ƙaninsa, sauri kamar me, kuma shi in ka tambaye shi wajen iyaka tsayawa yake ya yi ƙorafi sai in kai ka kashe bounds_error da kanka, wannan tarbiyya ce mai kyau. Tarkonsa ɗaya, jerin fuskoki. Fayilolin yanayi yawanci latitu ne farko sannan longitu, meshgrid na NumPy kuma, wanda ake haɗa girid da shi, in baka ce masa indexing='ij' ba juya maka su yake yi, in girid ɗin ba murabba'i bane zai yi ƙara ka gane, in kuwa tsawo da faɗi ɗaya ne shiru zakaji, taswira ta fito a kwance ruwan saman kudu ya koma gabas.

Wani abun haushi, interp2d, tsohon fankshin na cike gurbi a fuska biyu. Tsofaffin bidiyo da rubuce-rubuce a intanet cike suke da shi, to masu SciPy sun yi masa alamar ritaya a siga 1.10 sun cire shi a 1.14 shekarar 2024, don haka in ka kwafo kod ɗin wani na 2018 ya ƙi tashi ba kwamfutarka bace. Cire shin daidai ne don dama yana da halin ba da sakamako na banza in ɗigogi warwatse ne, kuma sun rubuta jagorar komawa RectBivariateSpline ko bisplrep, waɗanda suka samo asali daga FITPACK na Paul Dierckx ɗan Beljiyam. Amma yawan sunayen nan kansa matsala ne, sabon shiga ya buɗe shafin ya tarar da abubuwa rututu masu kama da juna bai san wanne ne nasa ba.

To ga dalilin tauraron da na riƙe. Babu kriging, hanyar cike gurbi ta lissafin ƙididdiga, a cikin SciPy. Ko IDW na Shepard na 1968, hanyar da ke ba ɗigon kusa nauyi fiye da na nesa, da ke cikin manhajar taswira ta QGIS babu shi a shirye, kodayake wannan da KDTree, mai nemo ɗigogin da suka fi kusa, layi kaɗan ne ka rubuta abunka. Kriging shi ne wanda ya samo suna daga Danie Krige injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya yi aikinsa a 1951 kan zinaren Witwatersrand, Georges Matheron na Faransa ya zo ya gina masa lissafi a shekarun 1960, kuma fifikonsa shine bayan taswirar kintace yana ba ka ta biyu da ke nuna inda kintacen yake da rauni. Wannan ta biyun ita ce mai haƙa bohol yake buƙata kafin ya kira motar haƙa. In kana so sai ka ƙara PyKrige ko GSTools, ko GaussianProcessRegressor na scikit-learn, duk kyauta ne amma wani karatun ne daban da bariyogram, wato awon yadda lambobi ke bambanta gwargwadon nisa, da sauransu. In ba zaka je can ba to aƙalla ka yi gwajin cire ɗaya, ka ɓoye bohol ɗaya ka sa sauran su kintaci zurfinsa ka gwada da na gaskiya, ka mayar ka ɓoye na gaba har su ƙare, sannan ka ga matsakaicin kuskuren mita nawa ne. Da haka zaka zaɓi tsakanin linear da cubic da RBF da hujja, da haka kuma zaka saita smoothing, kuma sau da yawa zakaga linear ɗin nan mai muni a ido bai bar wa masu sumul ɗin komai ba.

Kuma akwai inda ba wata manhaja da zata cece ka. Yawancin ƙasar Kano da Zariya kan tsohon dutsen ƙarƙashi suke zaune, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagogi, shi yasa zakaga gida ya samu ruwa maƙwabcinsa taku kaɗan ya haƙa ya tashi a tutar babu. Duk hanyoyin dana lissafo sun ginu ne kan zaton cewa abu yana canzawa a hankali daga nan zuwa can, tsaga kuwa bata san wannan ba. Can gabas wajen Haɗeja zuwa Maiduguri inda yashi da yumɓun kwarin Chadi suke shimfiɗe shimfiɗa-shimfiɗa, zaton ya fi kusa da gaskiya, taswirar ta fi abun dogaro. Kod ɗaya, ɗigo adadi ɗaya, amma amincin sakamakon ba ɗaya ba.

Ƙaramar shawara ga masu maimaita aiki, in wuraren awonka basu canzawa lambobin ne kawai ke canzawa, kamar ma'aunan ruwan sama iri ɗaya wata bayan wata, kada ka kira griddata a cikin zagaye don duk kira sai ya sake yanka alwatikan daga farko. Ka haɗa Delaunay sau ɗaya ka riƙa miƙa wa LinearNDInterpolator, bambancin saurin zaka gan shi da idonka.

Wajen saukewa bashi da nauyi, pip install scipy wajen mega 40 ne sai NumPy da zai jawo tare, ka ƙara matplotlib don zane, ba sai ka sauke Anaconda da ke neman kusan giga guda na datarka ba, kuma da zarar ya sauka baya neman intanet ko kaɗan, ko bayanin kowane fankshin help() zai nuna maka ba tare da netwok ba. Wanda bashi da laftof Google Colab yana da shi a shirye, a Android kuma Pydroid 3 yana ɗaukarsa, sai dai a waya kada ka wuce griddata da ɗigo 'yan ɗaruruwa, RBF mai ɗigo dubbai ka bari sai ka samu kwamfuta.